Na koma Linux, ina WhatsApp ɗina? Abin da sabon shiga ya kamata ya sani

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya.

Windows 11 da ta gaje ta ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai masarrafa ta kai ƙarni na takwas zuwa sama. Laftof da yawa na hannu na biyu da ɗalibai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu ke amfani da su a ƙasar nan ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali lafiyarsu ƙalau.

Wannan ya sa wasu suka fara waiwayar Linux, babbar manhajar kwamfuta da ake samu kyauta, wadda kuma aka bar lambobin gininta a buɗe ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ba ta neman kuɗin lasisi, kuma akwai nau'o'inta da ke tafiya sumul a kan kwamfutar da ta shekara goma.

Sai dai ga mai sayar da atamfa da duk cinikinsa a WhatsApp yake, ko ɗalibar da a zauren Telegram ake turo musu darasi, ko ɗan jaridar da ke karɓar rahoto daga wakilai, tambayar farko bayan an gama ɗora Linux ɗaya ce: ta ina zan yi hira da mutanena? Idan ba a samu amsa ba cikin kwana ɗaya ko biyu, yawanci komawa ake yi wurin mai gyara a ce ya mayar da tsohuwar Windows, ko da kuwa ta daina samun gyaran tsaro.

Ni ma na bi ta wannan hanya. Ranar da na ɗora Linux a kan tsohuwar laftof ɗina, abin da na fara yi shi ne sauke fayil ɗin WhatsApp mai ƙarewa da .exe, kamar yadda na saba. Na latsa sau biyu, shiru. Na sake saukewa, na sake latsawa, shiru. Sai daga baya na gane cewa irin wannan fayil na Windows ne kawai. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma ba laifin kwamfutar ba ne.

Me ya sa babu WhatsApp na Linux?

Linux ta samo asali ne a 1991, lokacin da Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ya fara rubuta ƙashin bayanta. An haɗa aikinsa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya soma a 1983, daga nan mutane daban-daban suka riƙa harhaɗa nau'insu. Debian ta fito a 1993, Ubuntu a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, sai Linux Mint a 2006. Ubuntu da Mint ne aka fi bai wa sabon shiga shawarar farawa da su, kuma a kansu wannan bayani zai fi karkata.

Abin mamaki, wayar Android da ke aljihunka a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, haka ma galibin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Amma a kwamfutocin tebur da na cinya, masu amfani da Linux ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Kamfanoni kuwa inda jama'a suka fi yawa suke zuba kuɗinsu. Shi ya sa Meta, mai WhatsApp, ya yi manhajar kwamfuta ta Windows da ta Mac, bai yi ta Linux ba.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Imel buɗaɗɗen tsari ne: mai Gmail yana aika wa mai Yahoo, kuma kowa zai iya ƙirƙiro manhajar karanta shi. WhatsApp rufaffen gida ne. Kamfanin ne kaɗai ke da ikon cewa ga ƙofar da za a shiga, kuma sharuɗɗansa sun hana shiga ta wata ƙofar da ba shi ya buɗe ba.

Lokacin da manhaja ɗaya ke isar kowa

Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet, lokacin da ake sayen awa ɗaya a zauna ana hira a Yahoo Messenger, za su tuna cewa kowane dandali da nasa mutanen. Akwai ICQ da ta fito a 1996, da AIM a 1997, da Yahoo Messenger a 1998, da MSN Messenger a 1999.

Masu Linux na wancan lokaci suna da mafita mai sauƙi. Wata manhaja ce mai suna Gaim da Mark Spencer ya soma a 1998, wadda aka sauya wa suna zuwa Pidgin a 2007 bayan taƙaddama da kamfanin AOL. Da ita kaɗai mutum zai shigar da asusunsa na Yahoo da MSN da AIM, daga baya har da Google Talk da hirar Facebook, duk abokansa su jeru a taga ɗaya.

Wannan zamani ya wuce. An rufe MSN Messenger a galibin duniya a 2013. Facebook ya toshe hanyar da irin su Pidgin ke bi a 2015. AIM ta tafi a Disambar 2017, Yahoo Messenger a Yulin 2018, ICQ a Yunin 2024, ita ma Skype aka yi sallama da ita a Mayun 2025.

Amfanin wannan tarihi ga sabon shiga shi ne, intanet cike take da tsofaffin bayanai da ke cewa ka ɗora Pidgin ko Empathy ko Kopete, shi ke nan ka gama. Duba ranar da aka rubuta bayani kafin ka bi shi. Pidgin tana nan da ranta, amma dandalin da aka fi saninta da su sun mutu, kuma ba ita ce hanyar WhatsApp ga wanda ya fara jiya ba.

A fara da intanet da agogo

Kafin a zargi manhajar hira, a tabbatar kwamfutar na shiga intanet. Wasu tsofaffin laftof, musamman masu na'urar Wi-Fi ta Broadcom, ba sa ganin sabis bayan an ɗora Linux, saboda ƙaramar manhajar da ke tuƙa na'urar, wato direba, ba ta zo tare da ita ba.

Maganin yana aljihunka. Haɗa wayar Android da kwamfutar da wayar caji mai ɗaukar bayanai, ka shiga saitin wayar ka kunna USB tethering. Linux za ta ɗauke ta tamkar igiyar intanet ba tare da an ɗora komai ba. Daga nan sai ka buɗe Driver Manager a Mint, ko Additional Drivers a Ubuntu, ka zaɓi direban da aka nuna maka, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Abu na biyu shi ne agogo. A cikin kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci idan an kashe ta. A tsofaffin laftof yakan mutu, sai ranar ta koma shekarun baya. Shafukan da ke da tsaro suna dogara da takardar shaida mai wa'adi, don haka idan kwanan watan kwamfutarka ya kauce sosai, burauza za ta ƙi buɗe su. Shiga saitin lokaci ka kunna daidaitawa ta intanet, ka zaɓi yankin Legas idan a Najeriya kake, ko Yamai idan a Nijar.

Wanda ya bar Windows da Linux tare a kwamfuta ɗaya zai iya ganin agogon na kaucewa da awa ɗaya duk lokacin da ya sauya. Dalili shi ne Linux tana ajiye agogon na'urar a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma a kan lokacin gida, mu kuma muna gaba da UTC da awa ɗaya. Daidaitawa ta intanet a kowane ɓangare tana rage wannan ruɗani.

Daga ina ake samun manhaja?

A Windows an saba a shiga Google a nemi manhaja, a sauke daga duk shafin da ya fara fitowa. A Linux tsarin ya fi kama da na waya: akwai rumbu na hukuma. A Mint sunansa Software Manager, a sababbin Ubuntu kuma App Center. Ka rubuta sunan manhaja, ka latsa ɗorawa, a tambaye ka kalmar sirrinka, an gama.

A bayan wannan taga akwai hanyoyi uku da za ka riƙa cin karo da sunayensu. Ta farko ita ce fayil mai ƙarewa da .deb, wanda Debian da Ubuntu da Mint ke amfani da shi. Ta biyu Snap, ta kamfanin Canonical, wadda ke zuwa a kunne a Ubuntu amma Mint ta toshe ta tun 2020. Ta uku Flatpak, mai babban rumbu da ake kira Flathub, wadda ke zuwa a shirye a Mint amma a Ubuntu sai ka ƙara ta da kanka.

Abin lura a nan shi ne wa ya saka manhajar a rumbun. Flathub da Snap suna sa alamar tantancewa a kan manhajar da masu ita na asali suka ɗora. An taɓa kama manhajojin bogi na ajiye kuɗin kirifto a rumbun Snap, waɗanda suka sace dukiyar mutane. Don haka ganin sunan da ka sani da tambarin da ka sani bai isa ba, sai ka duba sunan wanda ya wallafa.

WhatsApp: ta burauza ake shiga

Hanyar da kamfanin ya amince da ita ga mai Linux ita ce WhatsApp Web, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2015. Buɗe Firefox da ta zo tare da Ubuntu da Mint, ka rubuta web.whatsapp.com da hannunka. Wani zane mai kusurwa huɗu da ake kira QR zai bayyana. A wayarka ka shiga WhatsApp, ka zaɓi Linked devices, ka haska kyamarar a kan zanen.

Idan kyamarar wayar ta lalace ko gilashinta ya tsage, akwai zaɓin haɗawa da lambar waya. Za ka rubuta lambarka a kwamfutar, a nuna maka haruffa takwas, ka shigar da su a wayar.

A shekarun farko dole wayar ta kasance a kunne da data kafin kwamfutar ta yi aiki. Yanzu ba haka ba ne. Kwamfutar na karɓar saƙo ko da wayar a kashe take, abin da ke da amfani a ranar da babu wuta kuma cajin waya ya ƙare. Ana iya haɗa na'urori har huɗu da asusu ɗaya. Amma idan aka yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a wayar ba, za a cire sauran na'urorin. Wannan ya shafi wanda wayarsa ta ɓace ko take wurin gyara: kada ya saki jiki cewa kwamfutar ta wadatar.

Abubuwa uku ne ke yawan ba sababbi matsala. Na farko, idan ka buɗe shafin a tagar sirri ta burauza, ko ka saita ta ta riƙa goge komai idan an rufe ta, kullum sai ka sake haska QR. Na biyu, idan ba ka amsa da eh ba lokacin da burauzar ta nemi izinin nuna sanarwa, saƙo zai shigo ba ka sani ba. Na uku, saƙon murya ba zai ɗauku ba sai ka ba shafin izinin amfani da makirfo. Duk waɗannan izini ana gyara su ta ɗan tambarin da ke gefen adireshin shafin a sama.

Kada kuma ka yi tsammanin duk tsofaffin hirarrakinka za su bayyana. Na baya-bayan nan ake kwafowa, cikakken tarihin yana waya. Shi ma kiran murya da na bidiyo an daɗe ba ya cikin abin da WhatsApp Web ke yi, don haka idan ba ka ga maɓallin kira a naka ba, ɗauki waya.

Wanda ba ya son WhatsApp ta ɓace a cikin tarin shafuka zai iya ba ta tagarta. Mint tana da ƙaramar manhaja mai suna Web Apps da ke mayar da kowane shafi tamkar manhaja mai tambarinta. Chrome da Chromium ma suna da zaɓin ɗora shafi a matsayin manhaja.

A rumbun manhajoji za ka ga irin su ZapZap da WhatSie. Ba na Meta ba ne. Masu sa-kai ne suka naɗe WhatsApp Web a cikin taga, suka ƙara mata 'yan abubuwa kamar tambari a gefen agogo. Mutane da yawa na amfani da su, amma duk hirarka ta cikinsu za ta bi, kuma abin da suke ƙarawa kaɗan ne. Ga sabon shiga, musamman wanda lambarsa ita ce jarinsa, burauza ta fi kwanciyar hankali.

Akwai masu ba da shawarar Wine, manhajar da ke tafiyar da wasu kayan Windows a Linux, ko Waydroid da ke kunna Android a cikin kwamfuta. Saboda WhatsApp kaɗai, wahalarsu ta fi amfaninsu.

Telegram da Signal

A nan labarin ya fi daɗi. Telegram, wadda 'yan'uwa biyu Pavel da Nikolai Durov suka ƙaddamar a 2013, tana da manhajar Linux ta hukuma, kuma lambobin gininta a buɗe suke. Tana cikin Flathub da Snap, ana kuma iya sauke ta daga shafin kamfanin. Ana shiga da QR ko da lambar waya. A lura, lambar tabbatarwa sau da yawa cikin Telegram ɗin waya take zuwa, ba ta tes ba, abin da ke sa wasu su zauna suna jiran saƙon da ya riga ya iso.

Tun da hirarrakin Telegram a kan kwamfutocin kamfanin ake ajiye su, duk tarihinka zai bayyana nan take, kuma kira yana aiki. Amma wannan sauƙi da farashinsa: hirar yau da kullum da ta zaure ba a kulle take daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba kamar ta WhatsApp. Hirar sirri ta Telegram, wadda ke da irin wannan kulle, ba ta cikin manhajar Linux. Wanda ke da maganar da ba ya son kowa ya gani ya san da wannan.

Signal ita ce 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka fi yarda da ita. Gidauniyar da ba ta neman riba ce ke tafiyar da ita, wadda Moxie Marlinspike da Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, suka assasa a 2018. Tsarin kulle saƙonta ne WhatsApp ke amfani da shi tun 2016.

Signal tana da manhajar hukuma ga Debian da Ubuntu da Mint. Ɗora ta na buƙatar buɗe Terminal, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a kwafo 'yan layuka daga shafin signal.org a liƙa ɗaya bayan ɗaya. A nan sababbi ke razana: idan aka nemi kalmar sirri a Terminal, komai ba ya bayyana yayin da kake bugawa, ko tauraro ɗaya a wasu nau'o'in. Ba lalacewa ba ce. Rubuta ka latsa Enter. Sannan dole ka fara yin rajista a waya kafin ka haɗa kwamfutar.

Hirar Facebook kuwa ta burauza ake yi. Zoom da Slack da Discord duk suna da manhajar Linux. Microsoft ya janye manhajar Teams ta Linux a ƙarshen 2022, yanzu ta burauza ake shiga.

Hanyoyin da ba mallakin kowa ba

Duk wanda ya ɗan daɗe a Linux zai ji sunaye uku. IRC ita ce kakarsu, Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro ta a Finland a 1988, kuma har yau akwai zaurukan taimako a cibiyar Libera.Chat da aka kafa a 2021. XMPP, wadda Jeremie Miller ya soma da sunan Jabber a ƙarshen shekarun 1990, tana aiki kamar imel: kowa ya zaɓi gidan da zai buɗe asusu, kuma ya yi hira da na sauran gidaje. Gajim da Dino ne manhajojinta a Linux, Conversations kuma a Android.

Ta ukun ita ce Matrix, da ta fito a 2014, wadda aka fi shiga da manhajar Element. Gwamnatin Faransa ta gina dandalin hirar ma'aikatanta mai suna Tchap a kanta, sojojin Jamus ma suna amfani da ita. Makaranta ko ƙungiya ko kafar yaɗa labarai za ta iya kafa nata gidan, bayananta su zauna a hannunta.

Amma a faɗi gaskiya, mahaifiyarka da abokan cinikinka ba sa can. Manhajar hira darajarta mutanen da ke cikinta. Waɗannan hanyoyi suna da amfani wurin neman taimako da kuma aikin ƙungiya, ba su maye gurbin WhatsApp ba tukuna a wurinmu.

Ƙ, ɗ da ɓ

Mai rubuta Hausa yana da buƙatar da ba kasafai bayanan Turanci ke taɓawa ba. Tsakanin kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, ƙugiya ɗaya ce ke raba ma'ana.

Linux ta zo da tsarin allon rubutu na Hausa, ba sai an sauke komai ba. Shiga saitin Keyboard, ka ƙara sabon tsari, ka nemi Hausa. Za ka ga na Najeriya da na Ghana. Akwai maɓallin da ke nuna hoton allon, don ka ga inda kowane harafi yake.

Akwai kuma hanyar gaggawa da ke aiki a manhajoji da yawa. Danna Ctrl da Shift da U tare, ka saki, ka rubuta lambar harafin, ka latsa Enter. Lambar ƙ ita ce 199, ta ɗ 257, ta ɓ 253, ta ƴ da ake rubutawa a Nijar kuma 1b4. Manyan haruffan su ne 198 ga Ƙ, 18a ga Ɗ, 181 ga Ɓ. Mai rubutu da Larabci ko ajami shi ma zai ƙara tsarin Larabci a wuri guda.

Idan haruffa ko 'yan fuskokin nan na emoji suna fitowa a matsayin akwati, rubutun ne ba a ɗora ba. Nemi rubutun Noto a rumbun manhajoji, har da Noto Color Emoji.

Data da nauyin kwamfuta

Kwamfuta ba ta san cewa datar wata ɗaya ka saya da gumin goshinka ba. Manhajar Flatpak ta farko da za ka ɗora takan jawo wani tushe mai ɗaruruwan megabait, wanda sauran manhajoji za su yi tarayya a kansa daga baya. Ita kuma Snap da kanta take sabunta manhajoji a bayan fage. Ya fi kyau a yi ɗorawar farko a inda ake da Wi-Fi ko da datar dare. A saitin sadarwa na Ubuntu akwai zaɓin nuna cewa layin na ƙididdiga ne, wanda ke sa ta rage sauke abubuwa da kanta.

A cikin WhatsApp Web da Telegram kuma, kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye. Zaure ɗaya na 'yan'uwa ko na tsofaffin ɗalibai ya isa ya cinye data cikin mako.

Ta fuskar nauyi, Signal da Element da Slack da Discord duk an gina su ne a kan Electron, ma'ana kowace tana ɗauke da burauzarta a ciki. Buɗe uku a laftof mai RAM gigabait 4 kamar buɗe burauza uku ne. Telegram ta fi su sauƙi. Mai irin wannan kwamfuta ya buɗe abin da yake buƙata kawai, ya kuma zaɓi nau'i mara nauyi kamar Mint Xfce ko Lubuntu.

Linux ba laya ba ce

Gaskiya ne ƙwayoyin cutar Windows ba sa aiki a Linux. Amma masu ƙwace asusun WhatsApp ba ta kwamfuta suke shiga ba, ta mutum suke shiga. Wanda ya kira ka ya ce an saka ka a wani taro ko tallafi, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, ya ƙwace asusunka ko da wace manhaja kake amfani da ita. Haka ma lambar haɗa na'ura mai haruffa takwas, ko QR da wani ya turo: shigar da su daidai yake da ba shi kujera a cikin hirarka.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Telegram. Lokaci zuwa lokaci duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunka, ka cire wadda ba ka gane ba. Idan ka shiga a kwamfutar shago ko ta ofis, rufe shafin bai isa ba, sai ka fita daga asusun.

Laftof da aka haɗa da WhatsApp tana ɗauke da sirrinka kamar waya. Sa mata kalmar sirri, ka riƙa kulle allo idan za ka tashi. Ubuntu da Mint suna ba da zaɓin kulle ma'ajiyar bayanai gaba ɗaya lokacin ɗorawa, ta yadda ko an sace ta ba za a iya karanta abin da ke ciki ba. Sai dai wanda ya manta wannan kalmar shi ma ya rasa komai. Kafin ka kai ta wurin mai gyara, cire ta daga jerin na'urorinka.

Sai kuma umarnin Terminal. Duk layin da ya fara da sudo yana da cikakken iko a kan kwamfutar. Kada ka liƙa umarnin da wani ya turo a zaure ko ka gani a bidiyo, matuƙar ba daga shafin masu manhajar ya fito ba ko ba ka fahimci aikinsa ba.

Idan abu ya cije

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma da yadda ake yin ta. Wanda ya rubuta cewa WhatsApp ta ƙi aiki kawai ba zai samu amsa mai amfani ba. Faɗi nau'in Linux ɗinka da lambarsa, da burauzar da kake amfani da ita, da hanyar da ka bi ka ɗora manhajar, sannan ka kwafo saƙon kuskuren yadda yake. Masu amsawa 'yan sa-kai ne da ke warwatse a duniya, wataƙila lokacin da kake tambaya su dare ne a wurinsu, don haka a yi haƙuri.

Ga wanda bai riga ya koma ba, akwai gwajin da ba ya cin komai sai lokaci. Ana iya ɗora Ubuntu ko Mint a kan filas, a kunna kwamfutar daga kansa ba tare da an taɓa Windows ba. A nan za ka ga ko Wi-Fi na aiki, ko makirfo da kyamara suna ɗauka, ko WhatsApp Web na buɗewa. Idan duk sun yi, ka kwafe fayilolinka zuwa wani wuri, sannan ka ɗora. Idan wani abu ya ƙi, ka cire filas ɗin, kwamfutarka na nan yadda ka bar ta, kuma ka san abin da za ka tambaya.